Ƙofa Kawai Na Ce

Ƙofa kawai na ce, Sallau,
ƙofar garejin Baba mai jan ƙasa,
wadda sai ka sa kafaɗa ka cicciɓe ta
kafin ta yarda ta buɗe, tana kururuwa.
Na riga na biya ta ƙarfe a Ƙofar Ruwa,
shuɗiya, mai sakata biyu.

Sallau bai tanka ba.
Ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya ƙwanƙwasa dirkar hagu.
Amon ya fito irin na ƙwaryar da aka shanye.
Ya danna babban yatsa,
yatsa ya nutse kamar cikin gurasa.
Ya ce, "A jikin wa zan rataya ta?
Fenti ne kaɗai ke tsaye a nan.
Gara ta gama walima tun bara waccan."

Na lissafa abin da ke aljihuna sau biyu,
bai ƙaru ba.

Ranar Asabar muka tokare rufin kwano
da itace uku na aro,
yadda ake riƙe dattijo a hammata
kafin a zare masa takalmi.
Sannan aka shiga ɓamɓara.
Ƙusoshi suka riƙa fitowa a lanƙwashe, jajur,
wasu ma kan kawai ya saura.
Gari na zuba mana a wuya,
ƙadangare ya fice yana gyaɗa kai,
shi ma an tashe shi ba sanarwa.

A katako na bakwai Sallau ya dakata.
"Zo ka karanta."
Rubutun Baba ne, a karkace:
Galan huɗu, Gusau da dawowa.
An sa sabon batir.
Bashin Maikuɗi, an biya.
Can gefe kuma zane-zanen ƙusa,
tsayinmu, kowace ƙaramar salla:
Lantana, ni, Ilu.
Nawa ya hau har ya wuce sakata.
Na Ilu ya tsaya daidai ƙuguna.
Na ƙasa duk gara ta cinye,
shekarun da ko mu ba ma tunawa.

Na ce a ajiye wannan.
Sallau ya ce rabinsa gari ne.
Na ce to a ajiye rabin.

A 'Yan Katako na Na'ibawa
na koyi duban itace ta tsawonsa, ido ɗaya a rufe,
na koyi cewa ɗanye ya fi nauyi, ya fi ƙarya.
Muka ɗauko malaina busasshiya,
mai kura ya turo ta har Gyaɗi-Gyaɗi
yana faɗa da 'yan adaidaita.

Bulo biyu aka fara jerawa a ƙasa,
don katako da laima ba sa zaman lafiya.
Baƙin mai daga wurin bakanike
muka shafe kowace dirka har ta ƙoshi.
Da aka saki igiyar awo ta daina lilo,
sai ga tsohon bango ya kauce yatsa huɗu.
Baba da ido ya gina shi.
Shekara talatin da ɗaya yana karkace,
bai faɗi ba.

Yanzu komai ya miƙe.
Fijo an daɗe da sayar da ita,
babur ɗina ne a ciki, da buhun gawayi,
da rabin katakon nan a kafe daga ciki
inda ruwa ba ya kaiwa.
Ƙofar kuwa da ɗan yatsa ake tura ta,
ba ta ko tari.

Daren farko na shigo bayan isha'i,
na tarar da Inna zaune a tsakar gida, fitila a hannu.
Ta ce, "Yaushe ka dawo?
Ban ji ƙofa ba."